Gero a Gicciye, Harawa a Kan Soro

Tun da na ajiye aikin malamin gona na dawo Madachi, yara ke zuwa mana daga birni da takardu, suna koya wa manoma kada su dogara da amfani iri ɗaya. Maganarsu gaskiya ce. Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda suke faɗinta kamar jiya aka gano ta. Takardar da suke cikewa tana da gurbin hekta da gurbin buhu, amma babu gurbin harawa, kuma ban ga wanda ya yi sallama ya tambayi matan gida komai ba.

Ni a wurin kawuna na koyi noma. A gonarsa ta tudu gero a gicciye yake shuka shi, da tazara, gyaɗa a tsakani, dawa a gefe, in gero ya doshi nuna a soka wake a ƙarƙashinsa. Ɗorawar tsakiyar gona kuwa ko reshenta ba a sara. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya shiga rumbu; ya zarce, dawa ta yi kai.

Rabin sana'ar ma a cikin gida take. Gyaɗar da ba ta je sikeli ba, Inna, uwar gidan, ce da ita. Ta soya, ta murje, a daka, ta yi ta juya ƙullin tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, sannan ta mulmula tunkuza ta soya ƙuli-ƙuli, mu ɗauki faranti mu fita talla. Harawa a ɗaure ta a jibge kan soro, raguna su ci har Babbar Sallah. Takinsu kuma, kafin ruwan shuka, jaki ya kai shi gona a mangala. Ba abin da ke fita daga gidan nan bai bar wani abu a baya ba.

Farin 1973 da cutar da ta kuturtar da gyaɗa a 1975 su suka gwada kowa. Dalar gyaɗa ta Kano daga nan ba ta sake tashi ba. Waɗanda kuɗin sikeli ya ja suka mai da gonakinsu gyaɗa zalla, har awakin matansu suka sayar. Kawu ma ya yi asara, amma Inna ta koma daddawa da fura, gidan bai watse ba.

A tsakanin nan ne aka gama madatsar Tiga, a 1974, zamanin Audu Bako. Ruwa ya gangara Kadawa da Bunkure da Kura, samarinmu suka bi shi ƙwadagon tumatir da rani. Wasu sun yi arziki, ba na musu. Amma na ga idon waɗanda tsutsar sharon ta cinye wa gona ƙurmus a 2016, ga bashi a wuya, ba ko damin dawa a gida.

Na tsallake masara, ita ce kuwa ta fi sauya tudunmu. Ta shigo da ƙarfinta lokacin da takin zamani ke araha, aka daina gicci, aka sare itatuwa don garmar shanu ta miƙe. Da taki ya yi tsada, sai ga ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta cika gonaki.

Yau mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Rano ko Kibiya take auno gyaɗa, ba daga rumbun mijinta ba. Ta biya mai inji, wanda ya ƙara kuɗin niƙa tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ta sayi itace, sannan ta yi gogayya da man jarka na kanti. Harawar kuma tun a gona ake ɗura ta a buhu, mota ta kwashe zuwa birni, ragunan wasu su ci, takin ya tsaya can.