INA 'YAN SIKAWUT SUKA SHIGA? TUNATARWA DAGA ƘOFAR KABUGA

Jama'a, duk sanda dogon hutun damina ya zo, hira biyu ce ke cika Facebook a Kano: faɗan daba da ƙwacen waya. Kowa na kiran a ƙaro 'yan sanda. Ni kuwa yau so nake mu ɗan waiwaya, mu tuna wata ƙungiya da ta taɓa riƙe mana yara a irin wannan hutu, wato sikawut.

Bari in fara da abin da wasu za su jefo mini: "Ai kayan Turawa ne." Gaskiya ne, ba musu. Mu da muka tashi a Kabuga mun fi kowa sanin yadda Turawa suka shigo, don ta wannan ƙofa tamu dakarun Kanar Morland suka kutsa birni ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Shi ma wanda ya kafa sikawut, Robert Baden-Powell, sojan mulkin mallaka ne. Yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896, ya kuma yi suna a garin Mafeking na Afirka ta Kudu, inda aka yi musu ƙawanya kwana 217.

A watan Agustan 1907 ya kwashi yara 20, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya kai su tsibirin Brownsea a Ingila, suka kwana a tanti, suka dafa abincinsu da hannunsu. Daga nan abin ya bazu. Ya iso Najeriya a 1915, shekara 6 bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, ya bi makarantun boko har ya hau Arewa. A 1961 Najeriya ta shiga ƙungiyar sikawut ta duniya, a 1977 kuma aka yi babban taron sikawut na Afirka karo na farko a Duwatsun Shere da ke Jos.

To me ya sa iyayenmu, da suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko, suka saki jiki da wannan? A ganina, don sun ga abin da suka sani ne a cikin sabuwar riga. Tun kafin zuwan Bature, Bahaushe yana da sarkin samari, yana da gayya, yana da tsarin da babba ke jan ƙarami ya koya masa juriya. Shi ya sa a Nijar, bayan 1974, Janar Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya ya ɗora mata aikin gari. A nan gida ma, dubi 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala: kaki, usur, fareti, taimakon gaggawa. Duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Na yi sikawut a firamare, kuma har gobe ina cin moriyarsa. Ana raba mu rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas, kowane rukuni da shugabansa, shi ma yaro ne kamarmu. Ka koyi ƙullin igiya iri-iri, ka koyi ɗaure karaya da tsayar da jini, ka koyi gane gabas da taurari. Gaisuwa da yatsu uku, musabaha da hagu, abin da kakanninmu ba su taɓa yarda da shi ba, don haka a gida dama muke miƙawa!

Amma zangon shekara shi ne gagarabadau. Tun ana saura wata guda yaro ke tara kwabbansa. Ka ɗaure tabarma da bargo, kwano da cokali, garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Tunda damina ce, darasin farko shi ne haƙa 'yar kwata kewaye da tanti, in ka yi ƙiwa ruwan dare ya koya maka hankali. Da asuba usur, sai salla, sai fareti. Wasu su ɗebo ruwa, wasu itace, wasu girki. Ɗan alhaji da ɗan mai gadi tukunya ɗaya suke kankarewa. Da dare a hura wuta a zauna, sannan a raba gadi. Wallahi yaron da aka ba sanda da tocila aka ce rayukan 'yan'uwansa na hannunsa har ƙarfe biyu, ba ya komawa gida yadda ya fito.

Yau fa? Ƙungiyar tana nan, muna ganinsu jefi-jefi a wajen taro, amma a makarantun gwamnati da yawa ta zama labari. Aji ya cika maƙil, malami na fama da kansa, an mai da komai jarrabawa. Sannan tsaro ya zo ya ƙarasa: bayan Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, wane uba ne zai sa hannu a kai ɗansa daji ya kwana? Ba wanda zai zarge shi.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Yaro ɗan shekara 14 yana son ƙungiya, yana son shugaba, yana son laƙabi, yana son a gwada jarumtarsa. In ba mu ba shi ba, daba za ta ba shi duka huɗun, ta haɗa masa da wuƙa da ƙwaya.

Ba sai an je Falgore ko Tiga ba. Daga Kabuga zuwa Gwale da Goron Dutse akwai makarantu masu katanga da fili, suna kulle tsawon hutu. Zangon kwana uku a ciki, da sanin mai unguwa, da malaman da iyaye suka amince da su, da tsoffin sikawut su koyar kyauta, bai fi ƙarfin unguwa ba. 'Yan mata ma a yi musu nasu, da malamai mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsoffin 'yan sikawut da ke nan, ku faɗa mana shekarar da kuka yi zango da inda kuka yi shi, mu san yawanmu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Kano lafiya.