Wakilan Zaɓe a Amurka: Ina Gizo Ke Saƙar?

Sau biyar a tarihin Amurka wanda ya fi samun ƙuri'un jama'a ya rasa kujerar shugaban ƙasa: a 1824, 1876, 1888, 2000 da 2016. Dalili kuwa shi ne ba jama'a ke zaɓen shugaba kai-tsaye ba. Wakilai 538 ne ke yin wannan aiki, kuma duk wanda ya samu 270 a cikinsu ya ci. Kowace jiha tana da wakilai daidai da adadin 'yan majalisar wakilanta haɗe da sanatocinta biyu, sai birnin tarayya Washington da aka bai wa uku a 1961.

Masu sukar tsarin sun fi ɗora laifi a kan ƙananan jihohi. Wyoming, wadda mutanenta ba su kai 600,000 ba, tana da wakilai 3, yayin da California mai kimanin mutum miliyan 39 ke da 54. Rashin daidaiton gaskiya ne, kuma tushensa tsoho ne. A taron Philadelphia na 1787 da ya tsara kundin tsarin mulkin ƙasar, an amince a ƙirga kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, abin da ya ƙara wa jihohin Kudu nauyi da mutanen da ba su da ƙuri'a. Ba mamaki ke nan da 'yan Virginia masu bayi suka riƙe mulki shekara 32 cikin 36 na farko.

Sai dai a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙananan jihohi sun rabu tsakanin jam'iyyun biyu: Wyoming da Dakota biyu na Republican ne, Vermont da Delaware da Rhode Island na Democrat, don haka ribar wani ɓangare tana cinye ta ɗayan. Abin da ke karkatar da sakamako shi ne dokar da ke bai wa wanda ya yi rinjaye a jiha dukkan wakilanta, ko da da ƙuri'a ɗaya ya tsere. Da ratar ƙuri'a 537 George W. Bush ya kwashe wakilan Florida 25 a 2000. A 2016 Hillary Clinton ta zarce Donald Trump da kusan ƙuri'a miliyan 2.9 a faɗin ƙasa, amma ratar da ba ta kai 80,000 ba a Michigan da Pennsylvania da Wisconsin ta miƙa masa wakilai 46. A 2020 kuma Trump ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 a California, fiye da abin da ya samu a Texas, bai tashi da wakili ko ɗaya daga can ba.

Wannan doka ba ta cikin kundin tsarin mulki. Kundin ya bar wa majalisar kowace jiha ta tsara yadda za ta naɗa wakilanta, kuma a farkon zamani wasu sun raba su mazaɓa-mazaɓa, wasu majalisa ce ke naɗawa da kanta. Virginia ta koma tsarin kwashe-duka gabanin zaɓen 1800 don kada Thomas Jefferson ya yi asarar wakili a gida. Sauran suka bi sahu, domin jihar da ta raba wakilanta alhali maƙwabciyarta na bayar da nata a dunƙule ta rage wa kanta daraja. Zuwa 1836 kusan kowa ya bi, yau Maine da Nebraska kaɗai ke rabawa.

Mai karatu a Najeriya zai tuna cewa tsarin mulkin 1979, wanda ya ɗauko salon shugaba mai cikakken iko daga Amurka, bai ɗauko wakilan zaɓe ba. Ya buƙaci rinjayen ƙuri'u tare da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ma ya haifi tasa rigimar nan take, lokacin da ƙuri'un Shehu Shagari a jihar Kano suka kai shi da Obafemi Awolowo Kotun Ƙoli kan ko ya cika wannan sharaɗi. Amma dai ƙuri'ar wanda ya faɗi a jiharsa ba ta ɓacewa daga lissafin ƙasa.

Gyaran ya gagari Amurkawa. A 1969 Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 338 kan 70 a koma zaɓen kai-tsaye, sanatocin Kudu da na wasu ƙananan jihohi suka daƙile ƙudurin a 1970 ta hanyar hana rufe muhawara. Daga 2007, da Maryland a kan gaba, wasu jihohi sun ƙulla yarjejeniyar bai wa wanda ya yi rinjaye a ƙasa baki ɗaya wakilansu, amma ba za ta fara aiki ba sai sun tara 270. Zuwa 2024 sun kai 209, kusan duk daga jihohin da Democrat ke da ƙarfi. Mafi yawan ragowar sai dai su fito daga jihohin Republican, waɗanda tsarin ya yi wa rana sau biyu a wannan ƙarni, ko daga jihohin raba-gardama irin su Pennsylvania da Georgia, inda 'yan takara ke zuba kuɗin talla da alƙawura duk bayan shekara huɗu saboda wannan dokar da ake roƙonsu su rushe.