Abin da Masu Wankin Kuza Suka Zubar

Mu masu nazarin duwatsu a Arewa mun gaji wata makanta daga farkon sana'armu: ido na kan kuza, baya na ga yumɓu. Turawan da suka yi binciken ma'adinai tsakanin 1904 da 1909 yashin rafi suke bi, domin can kuza yake taruwa. A 1911 Falconer ya bambanta tsofaffin duwatsun garanait da sababbi, ya nuna cewa kuza ɗan sababbin ne, irin su tsaunukan Kagoro da ke tsaye gabashin Kafanchan. Amma ko bayan kafa hukumar binciken ƙasa a 1919, laka ba ta wuce abin wankewa a zubar ba. A ramukan kuzan Nok, a 1928, yumɓun da ya ja hankali shi ne wanda hannun mutum ya gina ya gasa.

Taswirar da Jacobson da MacLeod da Black suka fitar a 1958 ta tabbatar cewa waɗannan tsaunuka masu siffar zobe saiwoyin duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu tuntuni. Daga shekarun 1970, aikin Bowden da Kinnaird a Ririwai ta Jihar Kano ya ƙarasa labarin: yayin da narkakken dutse ke hucewa, ruwa mai tsananin zafi yana bin tsagogi, yana cin dutsen, yana barin kuza tare da koren ma'adinin yumɓu mai ƙarfe da ake kira kulorait. Ashe abin da aka raina sawun ruwan da ya kawo kuzan ne.

Wani zai ce ƙasar Jama'a, wato yankin Kafanchan, mai yawan ruwan sama ce, damina kaɗai ta isa ta ruɓar da dutse ya zama yumɓu da marmara. Gaskiya ne, amma aikin damina daga sama yake farawa, ya shimfiɗu kamar tabarma, ƙarfen cikinsa ya yi ja don ya sha iska. Na ruwan zafi kuwa jijiya yake bi zuwa ƙasa, kore ne ko baƙi-baƙi, yana raguwa yayin da aka nisanci tsagar. Kuzan rafi an wanke mafi yawansa. Mai neman ragowar a Kudancin Kaduna sai ya koyi karanta launin gefen jijiya kafin ya sa diga.