Tiyon numfashin injin babur: aikinsa da haɗarin cire shi

A duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin injin babur, wani ɓangare na hayaƙin yakan kurɗa ta gefen ringin fistan, ya gangara ƙasan injin inda baƙin mai yake kwance.

Idan hayaƙin bai sami mafita ba, yakan taru ya matsa, har baƙin mai ya fara yoyo.

Wannan ne ya sa kamfanoni ke sanya wani tiyo da ke kai shi akwatin iyakilina, domin injin ya sake zuƙarsa ya ƙona.

Sai dai wasu masu babura, musamman a Amurka da Turai, sukan cire tiyon su karkatar da shi waje, saboda tururin mai yana ɓata iyakilina.

Yin hakan na sakin hayaƙin da bai gama ƙonewa ba cikin iskar da jama'a ke shaƙa. Haka kuma ƙura na iya bin tiyon ta shiga injin, sannan baƙin mai na iya ɗiga a kan tayar baya ya janyo santsi.

A Amurka, dokar tsabtace iska ta haramta lalata na'urorin rage hayaƙi na abin hawa.

A shekarar 2016, kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12, bisa zargin sayar da na'urori kimanin 340,000 masu ƙara wa babur ƙarfi tare da ƙara hayaƙi. Kamfanin dai bai amsa aikata laifi ba.