Firjin da Ba Ya Neman Wuta

Duk wanda ya taso a Wudil ya san asarar tumatir: yau a ɗebo shi daga fadama, jibi ya ruɓe. Wajen shekarar 1995, Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse kuma ɗan gidan magina tukwane, ya nemi maganin wannan matsala. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex.

A 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a garinmu, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, kuma ana koyar da kimiyyar abinci a cikinta. Mu da muke rubuta manhajoji mukan ɗauka kowace matsala waya ce za ta warware ta. Bah Abba ya fara ne da tambayar abin da talaka zai iya saye. Har yau tumatir na ruɓewa a kasuwanninmu, tambayar tasa kuma tana jiranmu.