Daga Ina Ƙamshin Hoda Ya Samo Asali?

Idan dillaliya ta shigo gida ta buɗe jaka ta ce miki, "Hajiya, wannan mai ƙamshin hoda ne," kin san abin da take nufi: ƙamshi mai laushi, busasshe, mai ɗan zaƙi, wanda ba ya riga mai shi shiga ɗaki, sai dai ya kwanta a mayafi har washegari. To amma ita hoda gari ce kawai, ba ta da ƙamshin kanta. Aro aka yi mata.

Akwai wani fure da Turawa ke kira iris, ana noma shi a tuddan da ke kewaye da birnin Florence na ƙasar Italiya. Ba furen ake bukata ba, saiwarsa ce, mai kama da ɗanyar citta. Takan yi kamar shekara 3 a ƙasa kafin a tono ta, a fere da hannu, a shanya. In kika shinshina ta a wannan lokaci, ba za ki ji abin kirki ba. Sai an ajiye ta wasu shekarun, kusan 3 su ma, sannan ƙamshin ya taso sannu a hankali. Duk wadda ta taɓa haɗa humra ta toshe kwalba ta bar ta ta tsumu ta san irin wannan haƙurin, sai dai namu bai kai nasu tsawo ba. Garin wannan saiwa masu hali na Turai suke sawa a akwatin tufafi, kuma a ƙarni na 18 sukan cuɗa shi da sitaci su barbaɗa a gashi, maza da mata. Haka hanci ya saba, har ƙamshin saiwar ya zama shi ne ƙamshin hoda.

Abu ne mai tsada, ba na kowa ba. A 1893 wasu masana biyu a Jamus, Ferdinand Tiemann da Paul Krüger, suna binciken saiwar sai suka haɗa wani sinadari mai suna ionone, mai ƙamshi kusa da nata. Tushensa man ciyawar nan ce mai ƙamshin lemo da ake sawa a shayi. Abin da ake jira shekara 6 ya samu ɗan'uwa mai araha.

Masu haɗa turare na Faransa ba su yi sanya ba. François Coty ya fitar da L'Origan a 1905, daga baya kamfaninsa ya sa ƙamshin a hodar fuska ta Airspun a 1935. Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne L'Heure Bleue na Jacques Guerlain, 1912. Sunan yana nufin ɗan lokacin nan na almuru, rana ta faɗi amma duhu bai gama sauka ba. Yakan fara da ɗan yaji kamar kanumfari, ya bi da furen lemo, ya ƙare a hoda da banila. Akwai sanyin jiki a cikinsa, ba turaren ranar biki ba ne.

Wani hali kuma gare shi, shi ionone: yakan kashe hanci na ɗan lokaci. Kin shafa, jim kaɗan kin daina ji, har ki fara zargin dillaliya ta sayar miki da jabu, ki ƙara fesawa. Alhali maigida da ya yi sallama tun daga zaure ya jiyo.