Tarihin jama'a ko tarihin sarakuna? Darasi daga Amurka domin ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda wasu masana suka rubuta tarihin mutanen Amurka, sa'an nan a ga abin da hanyarsu za ta amfane mu da shi wajen binciken tarihin Tasawa da Mayahi.

1. Hanyoyi biyu daga Amurka

Daniel Boorstin ya wallafa The Americans cikin juzu'i uku (1958, 1965, 1973). Maimakon ya bi jerin shugabanni da yaƙe-yaƙe, sai ya bi al'amuran yau da kullum: ciniki, talla, gine-gine, har da yadda bakin Ingilishi ya sake a can. Gare shi, abin da mutane ke saye da abin da suke faɗa shi ya haɗa su suka zama al'umma guda. Howard Zinn kuwa, cikin A People's History of the United States (1980), ya tsaya ne gefen bayi da ma'aikata da mata da ƴan asalin ƙasar.

Duk su biyu suna da'awar rubuta tarihin mutanen ƙasarsu. Amma in za a juya su da Hausa, Boorstin al'umma ya rubuta, Zinn kuwa talakawa. Kalmar peuple ta Faransanci tana lulluɓe wannan bambanci, Hausa tana tilasta wa mai rubutu ya zaɓa. Wanda ya ce talakawa ya riga ya ambaci sarauta, ko bai furta ta ba.

2. Abin da aka rubuta game da yankinmu

Tasawa ta fi fitowa a littattafai ta fuska biyu. Ta farko, gidan sarautar Katsina bayan jihadi, da dangantakarta da Maraɗi, wadda ta karɓe mata mazaunin kumandan a 1927. Ta biyu, ayarin Voulet da Chanoine na 1899: kisan Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, da mutuwar jagororin biyu a wajen Maijirgi cikin kwanakin da suka biyo. Muriel Mathieu (1995) da Bertrand Taithe (2009) sun yi nazarin wannan ayari. Sai dai takardun soja sun adana sunayen hafsoshi, mutanen garuruwan da aka ƙone kuwa da ƙidaya suka shiga.

An gwada wata hanya a kwarin Maraɗi. Guy Nicolas ya yi aiki kan anna da kyauta da kasuwa. Ba'amurkiya Barbara Cooper, cikin Marriage in Maradi (1997), ta ɗora tarihin 1900 zuwa 1989 bisa hirarraki da mata, ta nuna yadda hana bauta ya shafi aure da aikin gona da kulle. Nan sadaki da kayan ɗaki suka zama hujjar tarihi.

3. Gudummawar ilimin harshe

Muna ganin harshe na riƙe da shaidu iri uku.

Na ɗaya, sunayen yunwa. Kakalaba ita ce ta 1913-1914. Ta 1984 an kira ta El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, wanda ya toshe hanyar hatsi da ta ƴan cin rani. Wato sunan na ɗauke da hukuncin talaka game da sanadin wahalarsa. Boureima Alpha Gado (1993) ya nuna amfanin irin waɗannan sunaye wajen tsara shekaru.

Na biyu, sunayen garuruwa. Gidan Amumun, Sarkin Hausa, Kanembakashe, Hawan Dawaki: sunan mutum, ko sarauta, ko wani abin da ya auku. In aka tattara su gari-gari a bakin Gulbin Kaba, aka gwada da abin da tsofaffi ke faɗa kan wanda ya gina rijiyar farko, za a iya bin sawun ƙaurar manoma zuwa arewa.

Na uku, kalmomin gona da gado: gandu, gamana, aro, jingina. Sauyin ma'anarsu yana tafe da ƙarancin ƙasar noma.

Kammalawa

Shaida irin wannan tana lalacewa in an juya ta da Faransanci tun a wurin hira, domin gamana da gandu duk sukan koma champ. Don haka muna ba ɗalibai shawara su ɗauki magana da karin harshen mai ita, su rubuta ta yadda aka faɗe ta, fassara ta biyo baya, kuma a ajiye kofi a IRSH ko CELHTO a Yamai. Waɗanda suka ji labarin 1899 daga bakin waɗanda suka gani saura kaɗan, kuma da su ya kamata a fara.